Inda Za Mu Ajiye Abin da Douwe Ya Sani

A garinmu teku na sama, mu muna ƙasa.
Baƙo in ya zo Friesland dariya yake yi,
sai an kai shi gindin madatsa ya ɗaga kai
ya ga jirgi na wucewa saitin rufin ɗakin girki.
Famfo huɗu ne tsakaninmu da kifi.
Douwe ya san su kamar yunwar cikinsa,
kuma Douwe zai yi ritaya a watan Maris.

Aka ce da ni: Tjitske, nemo manhaja,
a juye abin da ke kansa kafin ya tafi.
Wato nemo tulu, rijiya za ta ƙaura.

Na samo biyu.

Ta farko son kowa ce, ta wani kamfani,
biya wata-wata, fuska kamar an goge da mai.
Ka rubuta sunan ƙusa, ta kawo maka danginta
tun ba ka ɗauke yatsa ba.
Sai dai sau biyu ana sayar da kamfanin cikin shekara uku,
kowane sabon ubangida da tasa wasiƙar mai zaƙi:
ku kwantar da hankali, babu abin da zai sauya.
Haka mai gidan hayata ya ce da ni
saura wata guda ya ba ni notis.

Ta biyu kyauta ce. Mutum ɗaya ke rainonta,
ban san fuskarsa ba, sai sunan aro da hoton kyanwa.
Wata goma sha huɗu rabon da ya taɓa ta.
Ko ta nuna ne ya sauke ta daga wuta?
Ko ya gaji? Ko an yi masa haihuwa?
Ko ƙasa ta rufe idonsa, ba wanda ya sanar?
Shiru ba ya zuwa da tafinta.

Hidde ya ce a bi ta kamfani, duniya can ta nufa.
Aukje mai lissafi ta ce zanen aro ba ya rufe katara.
Shayi ya huce a gabanmu, ba a tsayar ba.

Douwe bai ce uffan ba.
Washegari ya dire min gwangwanin biskit a tebur.
Ciki faifai goma sha ɗaya, aikin shekara tara,
manhajar da ta haife su ta riga su kabari,
babu kwamfutar da ke jin yarensu a ginin nan.
Ƙarƙashinsu wani littafi mai warin man inji,
rubutun fensir na mutumin da ya koya masa aiki:
famfo na uku ba ya son gaggawa,
bar shi ya yi tari sau biyu.
Na karanta shi tsaf, ba lasisi, ba kalmar sirri.

Daren nan na daina tambayar wacce za ta rayu.
Ban iya duba ba, ban ga gobe ba.
Na tambaye su abu guda:
ran da kika faɗi, zan fita da kayana?

Ta farko ta miƙo min ƙunshi,
hotuna sun zube a hanya, shafi bai san ɗan'uwansa ba.
Ta biyu ta ba ni rubutu zalla,
mummuna, tsirara, kowace kwamfuta na iya karantawa.

Na zaɓi ta mai kyanwa.
Hidde bai gaishe ni ba kwana biyu,
wataƙila ma shi ke da gaskiya.
Duk ƙarshen wata zan buga kwafi a takarda
in rataye a ƙusa kusa da famfo na uku.

Yau ruwa ake tun asuba, magudanai sun cika.
Douwe na zaune a bayana da rigar ruwansa,
yana faɗa ina bugawa.
Mun kai shafi na sittin da biyu.
Ya ce goge nan, ba tari ba ne sosai,
ya fi kama da gyaran murya.
Na goge.
Mai kyanwa har yanzu shiru.